Dariya a Bakin Bindiga: Tsokaci a kan Wasannin Harbi na Kwamfuta

Wata ranar Asabar da la'asar, ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 15, ya matsa mini lamba sai na raka shi wani gidan gem a Kubwa, wai don in daina sukar abin da ban taɓa gani da idona ba. Na auna maganarsa na ga tana kan hanya, saboda haka na bi shi. Shago ne ɗan tsukuku mai talabijin huɗu a jikin bango, da benci biyu, da janareta yana ta ruri a waje. Yara sun fi goma sun yi cincirindo a bayan wani da ke riƙe da madannin wasa, kowa na ba shi shawarar inda zai saita.

Sunan wasan Sniper Elite, na wani kamfani mai suna Rebellion da ke Okusfod a Ingila. Mai wasa shi ne maharbin da ke laɓe daga nesa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, yana ɗauke sojojin Jamus ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya saita kan wani soja, sai 'yan kallo suka ɗau ihu: "Ƙasa! Yi ƙasa!" Ya sauke bakin bindigar zuwa tsakanin ƙafafun sojan, ya danna. Nan take hoton ya rage gudu, muka bi harsashin yana juyawa a iska, sa'an nan fatar sojan ta zama garai-garai kamar hoton ƙashi na asibiti, muka ga harsashin ya shiga ya tarwatsa masa 'ya'yan maraina. Shagon ya kaure da shewa, wani har da faɗuwa daga kan benci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, ni ma na dara. Dariyar ta kuɓuce mini tun kafin hankalina ya ba ta izini.

Tambayar da wannan maƙala ke son ta bi diddiginta ita ce: me aka cire daga raunin harsashi har ya zama abin dariya, kuma wa ke da ikon yin wannan dariyar? Ba zan tsaya a kan tsohuwar muhawarar nan ta ko wasannin harbi na mai da yara makasa ba. An fara ta gadan-gadan a Majalisar Dattawan Amurka tun 1993, kuma a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da za a jingina aikata ta'asa ga waɗannan wasanni. Yaran da na gani a Kubwa da aka kira sallar Magariba tashi suka yi suka nufi masallaci. Damuwata ta fi wannan ƙanƙanta, ko da yake ina ganin ta fi ta kusa da mu.

A wasannin farko, irin su Doom na 1993, jikin abokin gaba dunƙule ɗaya ne, duk inda aka harba daidai ne. Da aka zo kan GoldenEye 007 a 1997 sai aka rarrabe: wanda aka sama a hannu ya riƙe hannu, wanda aka sama a mazaunai ya yi tsalle yana dafe su, wanda aka sama a gaba ya durƙushe. A shekarar 2000 wasan Soldier of Fortune ya kasa jikin mutum gida 26, kowane gida da irin ɓarnar da ake yi masa. Hoton cikin jiki da muka gani a Kubwa kuwa ya shigo ne da fitowa ta biyu ta Sniper Elite a 2012. Mai karatu zai lura cewa abu biyu ne suka girma tare kamar tagwaye, wato ƙwarewa wajen kwaikwayon jikin mutum, da kuma barkwanci. Da zarar an ba mai wasa damar zaɓen gaɓar da zai harba, sai ya nufi inda ake jin kunya.

Masana sun daɗe da gane cewa dariya da tausayi ba sa zama a tabarma ɗaya. Aristotal, a bayaninsa kan wasan kwaikwayo, ya nuna cewa abin ban dariya muni ne ko kuskure wanda ba ya tare da zafi ko halaka. Bafaranshen nan Henri Bergson, a littafinsa kan dariya na 1900, ya ƙara da cewa sai an ɗan sa wa zuciya maganin kashe zafi kafin dariya ta samu, kuma mun fi yi wa mutum dariya a lokacin da ya koma kamar inji ko ɗan tsana. Bahaushe bai jira su ba. A tatsuniya babu irin azabar da Gizo bai jawo wa Kura ba: a jibge ta, a ƙona ta, a yanke mata wutsiya, yara na ta ƙyaƙyatawa a gindin kaka, gobe da daddare kuma ga Kura ta dawo garau da sabon kwaɗayi. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha duka a fim ba adadi, ba wanda ya taɓa tambayar wane asibiti aka kai shi. A fagen dambe ma in an kai mutum ƙasa cewa ake an yi kisa, amma wanda aka kashe ɗin yakan miƙe ya karkaɗe jikinsa. Mu kanmu muna yara mun yi bindigar kara, muna cewa "na kashe ka", gardama kuma ta kaure a kan wa ya riga wani.

Saboda haka ba zan ce raha da mugun abu baƙuwa ce a wurinmu ba, ko in ce Turawa ne suka kawo ta cikin kwali. Sai dai akwai wata yarjejeniya da duk waɗannan ke kiyayewa. Tatsuniya takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", wato ta sanar da kai tun daga bakin ƙofa cewa ka shigo duniyar ƙarya. Mai ba da labari ba ya tsayawa ya lissafa maka jijiyoyin wutsiyar Kura. Wasan da na gani ya karya wannan yarjejeniya, domin tallarsa gaba ɗaya a kan gaskiya take: ga nisan mita kaza, ga ƙarfin iska, ga yadda harsashi ke sunkuyawa a hanya, ga hanta, ga ƙoda, ga ƙashin baya kowane a mazauninsa. Yana so ka yarda cewa haka abin yake, kuma yana so ka dara. Don ya sami biyun tare, dole ya yanke wani abu.

Bari mu dubi abin da aka yanke. Harsashin bindigar AK-47, wadda ta fi kowace yawa a hannun ɓarayin daji da 'yan fashin ƙasar nan, nauyinsa kimanin giram 8 ne, yana kuma barin bakin bindiga da gudun da ya kai mita 700 a daƙiƙa ɗaya, wato ninki biyu na gudun sauti. In ya shiga jiki ba rami kaɗai yake hudawa ba. Yana ture naman da ke kewaye da hanyarsa, ya buɗe wani kogo na ɗan lokaci wanda ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, in kuma ya ci karo da ƙashi sai ɓaraguzan ƙashin su zama wasu ƙananan harsasai. Yana jan ƙyallen riga da datti zuwa ciki, abin da ke sa miki ya ruɓe bayan kwanaki.

To, wuraren nan biyu da aka mai da na barkwanci suna cikin mafi muni. Ta matsematsi babbar jijiyar jini ke sauka zuwa ƙafa. In ta tsinke, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, kuma wurin ya yi sama da yawa, babu inda za a ɗaure a tsai da jinin kamar yadda ake yi a hannu ko ƙauri. A bayan mazaunai kuwa akwai ƙashin ƙugu, da mafitsara, da ƙarshen hanji, da babbar jijiyar da ke motsa ƙafa. Wanda ya tsira daga irin wannan harbi yana iya shafe watanni yana bayan gida ta wata ƙofa da likitoci suka huda masa a ciki, da leda manne a jikinsa. Yana iya jan ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Yana iya rasa haihuwa, ya kuma rasa bakin da zai gaya wa matarsa ko mahaifiyarsa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen masu haɗari na wani babban asibiti ya san sauran: neman jini a tsakar dare, da warin miki, da sayar da gona don biyan kuɗin tiyata ta uku.

Abin da wasa ya yanke, ashe, lokaci ne. Ya ɗauki daƙiƙar farko ta rauni ya ja ta, ya ƙawata ta, ya nuna ta dalla-dalla fiye da yadda idon likita ma zai gani, sa'an nan ya jefar da shekarun da ke biye da ita. Gawa takan ɓace daga fili, maki ya hau. Shi kuma mai wasa, a yawancin wasannin yanzu irin su Call of Duty, in an harbe shi sai ya laɓe bayan bango na 'yan daƙiƙoƙi, jan da ya rufe allon ya washe, ya fito sumul. A ganina wannan ya fi ƙaryar tatsuniya haɗari, domin rabin gaskiya ne da ya sa rigar cikakkiya. Yaron da ya kalli hoton cikin jiki sau ɗari yana jin ya san harbi, alhali inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Yaron da ke wasan nan a wani gari na Turai wataƙila har ya tsufa ba zai haɗu da wanda aka harba ba. Yaron Kubwa ba haka yake ba. A ƙasar nan sai da aka kafa doka ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen 2017, don tilasta wa asibitoci su karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, su kuma sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani. Samuwar dokar kanta shaida ce ta yawan waɗanda jininsu ya ƙare a bakin ƙofa ana tambayar takarda. Sa'an nan ga daren 28 ga Maris, 2022, lokacin da 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasan da ya tashi daga Abuja zuwa Kaduna, suka kashe aƙalla mutum 8, suka tafi da fiye da 60 cikin daji. Daga cikin jirgin wata matashiyar likita ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, tana roƙon addu'a. Wasu suka yi mata addu'ar. Wasu kuwa suka mai da ita abin ba'a, suna cewa ƙarya take, in da gaske ne ina ta ga hannun rubutu. Da gari ya waye aka ji ta rasu.

Ba ina cewa masu wannan ba'a 'yan gem ba ne, ba ni da masaniyar ko sun taɓa riƙe madanni. Abin da na gani shi ne sun ɗauko ma'aunin harbi daga allo, inda wanda aka harba ko dai ya faɗi nan take ko ya ci gaba da gudu, babu mai kwanciya yana zubar da jini a hankali da wayarsa a hannu da hankalinsa a jikinsa. Da ta saɓa wa wannan ma'auni sai suka ƙaryata ta.

Wani zai ce, ai sojoji da likitocin tiyata su ne kan gaba wajen barkwanci da rauni. Haka ne, kuma ban ga laifinsu ba. Tsohon sojan da ke ba da labarin yadda harsashi ya same shi a mazaunai, yana kwaikwayon tsallen da ya yi, jama'a na dariya, ya riga ya biya kuɗin wannan dariya da jikinsa, shi ne kuma ya gayyace mu. Tana yi masa magani. Tamu ta Kubwa ta maharbi ce, daga bayan bindiga, a kan wanda ba a ba shi suna ko murya ba. Bahaushe na da sunanta, dariyar ƙeta. Kuma ko a fagen yaƙi na gaske, inda aka halatta kisa, shari'ar Musulunci ta hana wulaƙanta jikin abokin gaba, ta kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne. Na san sojan allo ba mutum ba ne, ba shi da uwa, ba a zalunci kowa ba. Amma hannun da ya sauke bakin bindiga daga kai zuwa matsematsi don a ji daɗi hannun mutum ne, kuma zaɓi ya yi.

An taɓa gwada mai da abin da aka yanke. A 2017 masu wasan Arma 3 sun haɗa gwiwa da ƙungiyar Red Cross ta duniya suka fitar da wani ƙari, inda mai wasa yake zama ma'aikacin agaji mai tone nakiyoyi bayan yaƙi ya lafa, yana bin sawun abin da ya faru da mutanen wani ƙauye. A hanyarmu ta komawa gida na ba ɗan ƙanwata wannan labari, na kuma tambaye shi ko zai buga wasan da in ka harbi mutum sai ka ɗauke shi zuwa asibiti, ka nemo masa jini, ka zauna jinyarsa. Ya yi shiru har muka wuce gadar Dutse, sa'an nan ya ce, "Kawu, ai wannan ba gem ba ne, wahala ce. Wa zai biya kuɗi ya yi wannan?" Na ce masa gaskiyarsa. Can kuma ya waiwayo ya ce, "Amma fa Kawu, na ga kai ma ka yi dariya."