Ruwan Ɗuri

A gonakin rani na Kadawa da Kura, manomi ba ya jan igiyar injin ban-ruwa sai ya kwance murfin saman famfon, ya ɗura ruwa har cikin ya cika. Ikon Allah, abin da aka ƙera don jawo ruwa, shi ne sai an fara shayar da shi. Dalili kuwa, farfelar da ke ciki ba ta kama iska. In ba ruwa, juyi kawai za ta yi har robar da ta toshe bakinta ta ƙone.

Ɗurin kaɗai bai isa ba. In akwai 'yar kafa a mesar da ke zuƙo ruwa, ko da kamar hancin allura ce, iska ta samu hanya. Inji na ruri, hayaƙi na tashi, fetur na ƙonewa, bakin kwami kuwa a bushe. Manomin da ya san aikinsa ba ya ƙara ɗuri. Durƙusawa yake yi, ya bi mesar da tafin hannu, ya naɗe wurin da robar tayar keke.

Albashin ma'aikacin gwamnati shi ne ruwan ɗurin, kuma an sha ɗurawa a Najeriya: ƙarin Udoji a 1974, mafi ƙarancin albashi na naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Dole ne a ɗura, mai yunwa ba ya riƙe biro da kyau, ko da yake kasuwa kan riga ma'aikaci jin labarin.

Kafar tana wajen ƙarin girma. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wanda ke tsakanin mataki na 7 da na 14 sai ya shekara 3 kafin a duba shi. Wa'adin na cika, wanda ya kwana kan fayil da wanda ya sa hannu a rajista ya wuce shagonsa, sau da yawa rana ɗaya sunayensu ke fita, don da wuya shugaba ya rubuta wa yaronsa mummunan maki a takardar auna ƙwazo. Wani kuma takardar ƙarin girman ce ke zuwa, kuɗinta su biyo baya da shekaru.

Mai ƙwazo yana gani. Ba ya ajiye aiki, ba ya ɗaga murya. Ƙarfe takwas yana ofis, ya gaisa da kowa, ya zauna. Tsohon da ya zo bin haƙƙinsa na fansho ya tsaya a gabansa, shi kuwa ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, a dawo gobe."