Sani na mai shi ne ko na kowa?

Ga wata tambaya. In mutum ya sha wahala ya gano wani sani, nashi ne shi kaɗai, kamar akuyar da ya saya da kuɗinshi? Ko kuwa jama'a na da hakki cikinshi? Kowa ya san maƙerin da ba ya yin wani aiki sai ya kori yara daga maƙera. Kowa ya ji labarin tsohuwar da ta san wani magani, ta rasu ba ta gwada ma kowa ba.

Bari mu duba abin da wani ɗan maƙeri ya yi a ƙasar Ingila. Sunanshi Maikal Farade. An haife shi a Landan cikin shekarar 1791. Gidansu talakawa ne, bai daɗe a lakwal ba. Karatu da rubutu da ɗan lissafi kawai ya koya. Yana da shekara 14 anka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Ya yi shekara 7 a nan. Maigidan nashi mutumin kirki ne, ya bar shi yana karanta littattafan da anka kawo ɗinki. Can ya fara jin labarin lantarki.

A 1812 ya je sauraron wani babban masani, Hamfiri Debi. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika mashi. A 1813 Debi ya ɗauke shi yaron aiki a gidan bincike. Bai tsira daga raini ba: da sunka yi tafiya ƙasashen Turai, matar Debi ta maishe shi bara.

A 1831 Farade ya naɗe wayar jan ƙarfe, ya tura mayen ƙarfe cikinta, ya jawo shi. Sai ya ga wuta ta bi wayar. In mayen ƙarfen ya tsaya, wutar ta tsaya. Ku dubi ɗan injin da ke gogar tayar keke yana kunna fitila: wannan dabara ce cikinshi. Ita ce kuma cikin manyan injinan da ke ba birane wuta.

To, mi ya yi da wannan sani? Da ya so, da ya nemi takardar gwamnati wadda ke hana kowa aiki da dabararshi sai ya biya. Bai nema ba. Ya rubuta komi, anka buga, kowa ya karanta. Ya rage yi ma ƴan kasuwa aikin kuɗi don ya samu lokacin bincike. Shekara da shekaru yana tara yara lokacin Kirsimeti yana gwada masu da hannunshi. Anka so ba shi shugabancin babbar ƙungiyar masana ta Ingila, ya ƙi.

A ganina yana da gaskiya, don biyan bashi ya yi. Wanda ya rubuta littafin da ya karanta bai ɓoye ba. Maigidan da ya bar shi ya buɗe littafin bai ce a biya shi ba. Kai ma da ke karanta wannan takarda, wani ya kama maka hannu ka rubuta baƙin farko.

Amma kada mu yi saurin zagin maƙerinmu. Farade na da albashi da ɗakin kwana a wurin aiki, kuma bai haihu ba. Da ya tsufa, a 1858, Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida. Mai iyali goma, wanda rumbunshi ya ƙare tun bazara, in ya bada asirin sana'arshi, wa zai ciyad da su? Wannan magana ba ta wasa ba ce. Sai dai a tuna kuɗin aikin hannu daban, rufe ƙofar koyo daban. Maƙeri na iya sayad da hauya da daraja, kuma ya bar yaro ya tsaya bakin zuga yana kallo.

Farade kanshi ya san nauyin iyali. Ya taɓa ƙago wata hanyar fidda hayaƙi daga manyan fitilun bakin teku. Wannan dabara ya bar ma wanshi Robat, shi kuwa ya karɓi takardar gwamnati a kanta. Robat ɗin nan shi ne ke ba shi sule ya je sauraron masana tun yana yaron mai ɗinkin littattafai. Farade ya rasu a 1867.