Haƙƙin Malamin Ƙananan Yara a Kanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, kullum safiya a nan Sabon Gari, da Tibiri da Jiratawa, muna tura ƙananan 'ya'yanmu makarantar allo, ko Islamiyya, ko ajin share fage na lakwal. Malamin da ke karɓarsu, namiji ne ko mace, shi ne mai aza harsashin karatunsu da ɗabi'unsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma shi ne muka fi yi wa rowa. Uba zai biya tela da mai gyaran babur nan take, in aka zo kuɗin Laraba ko na wata sai ya ce: "Malam, ai aikin Allah kake yi."

Haƙiƙa aikin Allah ne, amma Shari'a ba ta ce a bar mai yinsa da yunwa ba. Hadisin Ibnu Abbas a cikin Buhari ya nuna halaccin karɓar lada a kan Littafin Allah. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya yanka wa malamai uku masu koyar da yara a Madina dirhami 15 kowannensu a kowane wata. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara. Ya yi bayanin ladansu, ya kuma sharɗanta musu daidaita ɗan mawadaci da ɗan talaka, da barin wasu hidimomi a lokacin karatu, da taƙaita duka.

Ku duba, ya ku bayin Allah: lada da sharaɗi tare suke tafiya. Malamin da bai samu abin cefane ba, dole hankalinsa ya rabu tsakanin allo da kasuwa. Wanda kuma ba a koya masa yadda ake tafiyar da yaro ba, bulala ce za ta zama darasinsa, har yaron ya tashi yana ƙyamar karatu.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da na makarantu su tsayar wa waɗannan malamai albashi sananne, a biya shi a kan lokaci. Manyan malamanmu su ware musu zaman horo a kan tajwidi da tarbiyya, a kuma nemi taimakon waɗanda suka fito daga makarantar horon malamai ta Maradi. Kai kuma uba, idan Malam yana binka bashi, ka sauke shi kafin Juma'a mai zuwa, domin ranar Ƙiyama babu jikka babu dala, da kyawawan ayyuka ake biya.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya shirya mana zuriyarmu. Amin.