Amanar Tukunya

 Yau a kan tukunya za mu yi magana.

Duk wanda ya bi ta Bompai ko Sharada ko Challawa da azahar ya san layin da leburori ke yi gaban masu abinci a bakin kamfani. Bawan Allah ya sha aiki tun safe, ya zo ya ce a sa masa ganda biyu da tsoka ɗaya. Bai ga ɗora sanwa ba, bai san abin da aka zuba ba, yarda kawai ya yi. To 'yar'uwa mai abinci, wannan yardar amana ce a wuyanki, kuma za a tambaye ki.

Gawayi ya yi tsada, gas ya yi tsada, naman tsohuwar saniya kuwa sai ya ci wuta. Duk mun sani. Amma shi ne wasu za su ɓare ƙwayoyin farasitamol su watsa a tukunya, wai nama ya yi saurin dahuwa? Hukumar NAFDAC ta ja kunne a kan haka. Magani ne mai awo. Babban mutum ma ba ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya 8 ke nan, in ya zarce hanta ce ke ɗanɗana kuɗarta. Ke da kika jefa a romo, wa ya auna miki? Yaron da ya kurɓi romon fa, da mai ciwon hantar da bai ma san yana da shi ba? Wannan algus ne. Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi daga ƙasa, ya tsawatar wa mai shi a kan algus. Ruwan sama ne fa kawai ya taɓa hatsin.

Sai garin laushin nama na kanti da mata ke yawan tambaya. Na kirkinsa ba abin tsoro ba ne: sinadarin gwanda ne ko na abarba, aka haɗa da gishiri. Gishirin ne abin lura, musamman a gidan mai hawan jini. In kin barbaɗa, rage na miya. Wanda nake gudu shi ne farin garin da ake ƙullawa a leda, ba suna, ba lambar NAFDAC.

Me ma ya kai mu, ga bishiyar gwanda a tsakar gida? Ki tsinko ganyen, ki wanke, ki murje har farin ruwan ya fito, ki naɗe naman awa ɗaya ko biyu. Ruwan ɗanyar abarba ya fi zafin aiki, kada ya wuce rabin awa, in ba haka ba nama ya dagargaje kamar fate. Kindirmo ma na yi, in aka kwana da shi a firji. Kanwa kuwa ɗan ƙiris, yawanta kan ɓata ciki. Ki gitta wuƙa a kan zaren tsoka, ki ɗan bubbuga, ki rufe tukunya, ki rage wuta.

Kai kuma Malam maigida, ba ka tsira ba. Ka shigo da kan sa bayan la'asar, ka ce kana son farfesu kafin magariba baƙi na zuwa. Da wace wutar? Gobe in za ka sayo, sayo da hantsi.