Hannu Ko Takarda?

Sau da yawa akan ji ana cewa, ina ruwan yaron mota da jarrabawar takarda? Ga shi ya shekara biyar yana bin gingimari tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ana dakon auduga da masara, ya san kowace kwana da kowane rami. Ashe ba zalunci ba ne a hana shi lasin koyon tuƙi don ya kasa amsa tambayoyin alamomin hanya?

Maganar da ƙarfinta, amma mu duba. A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Ran nan gwanintar hannu ta zama tarko, domin hannu abin da ya saba shi yake nema. Abin da ya tsare rayuka shi ne kowa ya san doka ɗaya.

Ke nan dokar hanya alkawari ce tsakaninka da wanda ba ka taɓa gani ba. Mai hadda don ya ci kawai, da mai sayen lasin, duk sun ɗauki alkawarin da ba su san abin da ke cikinsa ba.

Sai dai yaron motar nan ma yana da hakki: a karantar da shi, a tambaye shi da Hausa. Sanin doka ake nema, ba sanin Turanci ba.