Shin Tanadi Yana Ɓata Tawakkali?

 

Jama'a, akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, wato idan aka ce wa mutum ya ajiye wani abu saboda ranar wuya, sai ya ce gobe ta Allah ce. Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa ta. Abin tambaya shi ne, ko ta isa hujja ga magidanci ya sayar da hatsinsa duka da kaka?

Mutanen Illela ba sa bukatar a ba su labarin ranar wuya. Dattawansu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa, mutane suka riƙa kwararowa daga arewa suna neman abin kaiwa baki. A 2010 kuwa ruwa ne ya yi yawa, kogin Rima ya cika ya batse daga Goronyo, ya cinye gonaki da ƙauyuka har zuwa Sakkwato. Akwai kuma masifar da ba daga sama take saukowa ba. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba na 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Garin da abincinsa ke rataye da zirga-zirga tsakaninsa da Ƙonni ya ga yadda ciniki kan tsaya dare ɗaya.

To, me magabata suka yi? Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya fassara mafarkin sarkin Masar, bai tsaya ga gaya musu yunwa na tafe ba. Ya umarce su su yi noma shekara bakwai, su bar abin da suka girbe cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci. Duk manomin da ya taɓa jera dammunan gero a rumbu ya san dalili: hatsin da ba a sussuka ba ya fi jure ƙwari, kuma hannu ba ya saurin kai masa. Ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kan ware wa iyalinsa abincin shekara. Sayyidina Umar kuma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi waɗannan tawakkali? Tawakkali aikin zuciya ne, tanadi kuwa aikin hannu, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Amma fa a nan ne wuyar take, musamman a garin kasuwa irin Illela. Buhu hamsin a ɗakin mai iyali da yawa da buhu hamsin a shagon wanda ke jiran farashi ya hau, a ido duk ɗaya ne, a shari'a kuwa sun sha bamban. Na biyu shi ne ihtikari, wato ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a, kuma Annabi ya kira mai yinsa mai saɓo. Malamai sun ce babu laifi mutum ya ajiye amfanin gonarsa. Wanda zai saya a kasuwa kuwa sai ya dubi lokaci: in da yalwa, ya sayi na shekara, in ana ƙunci, ya tsaya ga na 'yan kwanaki ko wata guda, kada ya kwashe rabon talaka. Wannan ya nuna cewa lokacin tanadi shi ne kaka, sa'ad da kasuwa ke cike. Wanda ya bari sai marka ta yi sannan ya ruga da kuɗi, a ganina ya makara, kuma yana ƙara wa maƙwabcinsa tsada.

Farawar ba ta bukatar dukiya. Magidanci ya fitar da zakkar hatsinsa, ya lissafa tiya nawa gidansa ke ci a wata, ya ware wannan tun kafin hidimar biki ta taso. Kafin ruwan farko a gyara indararo, a yaɓe soro, mutanen unguwa su yashe magudanar ruwa. Wanda bai noma ba ya riƙa ɗebe ko da tiya guda kowace ranar kasuwa, ya kuma san tun yanzu gidan ɗan'uwan da zai kai iyalinsa in ruwa ya shigo da dare.