Lambar Mamaci a Cikin Waya

Kusan kowa yana da lambar wani mamaci a wayarsa da ya kasa gogewa. Ba laifi ba ne. Amma tun da sana'ata rubuta manhaja ce, bari in faɗi abin da ke faruwa a bayan allo. Idan asusun WhatsApp ya kai kwana 120 ba a hau shi ba, kamfanin yakan share shi. Layin kuma, in ya daɗe a kwance, kamfanin sadarwa zai ba wani. Wata rana sai ka ga baƙuwar fuska a kan sunan mahaifinka.

Masu fasaha sun daɗe suna neman toshe wannan giɓi. Tun 2009 Facebook ke ba da damar mayar da shafin mamaci wurin tunawa da shi. A 2020 gidan talabijin na MBC a Koriya ta Kudu ya haɗa wata uwa da siffar 'yarta da ta rasu, wadda aka ƙera da kwamfuta. Uwar tana kuka tana miƙa hannu, iska take shafawa. Yau da 'yan saƙonnin murya ana iya kwaikwayon muryar kowa. Na san yadda ake yi, shi ya sa abin ba ya burge ni: lissafi ne na wane sauti ya kamata ya biyo bayan wane. Mai rai ake lallashi, mamaci bai samu komai ba.

To, wa tunawa ya kamata ta amfana? Daga Kakuri zuwa Barnawa da Sabon Tasha, Musulmi da Kirista, duk da abin da ya raba garin nan a bakin kogi tun rikicin 2000, sun haɗu a kan abu guda: wanda ya mutu bai ƙare ba, yana jiran ranar tashi. Musulmi na yi masa addu'a da sadaka, ko da malamai na jayayya kan sadakar uku da bakwai da arba'in. 'Yan Katolika sun ware 2 ga Nuwamba don yi wa matattu addu'a, wasu majami'u kuma sujadar godiya kawai suke yi. Idan har da gaske muke cewa yana nan a wani wuri, to haƙƙinsa ma yana nan.

A wurin jana'iza ana yawan shelanta cewa duk mai bin marigayi bashi ya zo ya ga wane. Da wuya ka ji wani ya miƙe ya ce shi ne marigayin ke bi. Wanda ya ci amanar gonarsa, ko ya danne rabon marayunsa, sau da yawa yana sahun gaba, kuma shi ne zai fara ɗora hotonsa a intanet duk shekara.

Ba a cikin gidaje kaɗai ba. Masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya da aiki a 2002 ba tare da an sallami ma'aikatanta da haƙƙoƙinsu ba. Jihohin Arewa 19 ne suka gaji mallakarta. Da yawa cikin ma'aikatan sun rasu suna jira, aka yi musu salla a masallatai da sujada a majami'u, matansu kuma suka ɗauki takardun suka shafe shekaru suna bin ofisoshi.